Kada ki jira tsohuwa ta kai ƙarar ɗanta

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tun shekaranjiya nake juya tambayar da ƴar'uwarmu ta unguwar Talaje ta ajiye mana, in rubuta in goge. Ga wanda bai gani ba, cewa ta yi katanga ɗaya ce tsakaninta da wani gida, kuma akwai tsohuwa a ciki da ta daina fitowa tun kafin azumi. Cikin dare takan ji ta tana kiran a ba ta ruwa har muryarta ta dushe, wani lokaci a daka mata tsawa, wani lokaci ta ji an ja ƙofa an sa kwaɗo. Sau biyu ta shiga gaisuwa, tsohuwar ta ce mata lafiyarta lau. Shi ne take tambaya: ta sa baki ko ta kama kanta, tunda mai abin ma ba ta koka ba? Kuma in da gaske ana wulaƙanta tsofaffi a ƙasar nan, don me ba ma jin an kai ƙara?

Na karanta amsoshin da aka ba ki. Wasu sun ce ba ruwanki da gidan mutane. Wani bawan Allah ya ce wannan halin Turawa ne, mu nan ba mu yar da iyayenmu. Ban ga laifinsa ba, don da bakina na sha faɗin haka a ɗakin malamai. Bari in ba ki labarin gidanmu, ki auna da kanki.

Mahaifiyata ta yi shekara 2 da wata 7 a kwance kafin Allah ya karɓi abinsa. Hawan jini ne ya kayar da ita a bakin murhu, ɓarin dama ya shanye. Mu biyar ta haifa. Ni ina koyarwa a Yamai. Yayanmu babba da ƙanina suna Abijan, kamar dai yawancin mazan Adar da ke tafiya biɗa su bar gida da mata da yara da tsofaffi. Ƙannena mata biyu suna gidan aure, ɗaya a Agadas, ɗaya a wani ƙauye wajen Keita. Inna tana gidanmu na Tahoua a hannun matar ƙanina. Duk ƙarshen wata ina tura jikka 30, Yaya ma yana tura abin da ya samu. Ranar Juma'a in kira waya a kai mata, in ce "Inna, yaya jiki?" ta ce "Da sauƙi, alhamdu lillahi, ana kula da ni." In kashe waya ina jin na sauke nauyi. Ko sau ɗaya ban taɓa tunanin wa ke riƙe mata wayar a kunne ba, alhali na san hannunta ba ya ɗaguwa.

Zuwana ma sai na yi shela. Kwana uku kafin in hau mota kowa ya sani. In iso in tarar an share tsakar gida, an yi mata wanka, an ɗaura mata sabon zane, an turara ɗaki. In kwana biyu in dawo ina yabon matar ƙanina.

Rasuwa aka yi a dangin maigidana a Illela cikin watan Afrilu. Da muka gama gaisuwa na ce tunda ba nisa bari in ƙarasa in ga Inna. Wayata ba caji, ban sanar da kowa ba. Wajen ƙarfe biyu na rana na yi sallama, kuma wanda ya san Tahoua a Afrilu ya san abin da ƙarfe biyu take nufi. Ɗakin da na saba tarar da ita ba kowa, sai buhunan hatsi. Ashe an mai da ta wani ɗan ɗakin kwano a ƙuryar gida, kusa da turken awaki. Wari ne ya fara tarbata. Tana kwance kan tabarmar leda, ba katifa, wai katifa tana shan fitsari. An ajiye mata kwanon fura ta gefen dama, gefen da ya mutu, ƙudaje sun rufe shi, furar ta tsinke ta yi tsami. Ba buta, ba moɗa. Leɓunanta sun tsage sun yi fari. Na ɗebo ruwa a randa, ta shanye moɗa guda ba ta numfasa ba, na miƙa ta biyu ta kau da kai ta ce ya isa, kada ta ɓata musu shimfiɗa. A nan na gane da gangan ake rage mata ruwa don kada a yi ta wanki.

Da na juya ta zan canja mata zane na ga gyambo a ƙugunta, faɗinsa ya kai tafin hannuna, tsakiyarsa ta yi baƙi. Da hannun hagun nan mai rai ta dinga jan zane tana rufewa. Ba ta ce an cuce ta ba. Ga abin da ta ce, har gobe ina jin sa: "Ɗiyata, ki rufa mini asiri. Kada Yayanki shi ji. Kada ki kashe ma yaron nan aure saboda ni, ni da na kusa tahiya."

To ƴar'uwa, "lafiya lau" ɗin da maƙwabciyarki ta ce miki, irinta ce.

Kin ce don me ba a kai ƙara. Wa zai kai? Inna ta yi lissafinta tsaf, kuma ba lissafin wawa ba ne. Hannun da ke hana ta ruwa shi ne dai hannun da ke ba ta tuwo. In ta faɗa mini, zan yi faɗa in hau mota ranar Lahadi saboda lakwal, wato makaranta, a bar ta da wadda aka ci wa mutunci a kanta. Ga kuma tsoron baki. Uwa a wurinmu ta yarda cewa in ta furta ɓacin ranta a kan ɗa, abin zai bi shi ko ba ta yi nufi ba, kasuwarsa ta karye, ƴaƴansa su lalace. Sai ta haɗiye. Sannan ga abin da gari zai ce: wance da ta haifi biyar, biyu a Abijan, ɗaya malama, ita ce kwance cikin fitsari? Gorin a kanta zai ƙare, a ce ba ta iya tarbiyya ba, ko a ce alhakin uwar mijinta ne ke bin ta. Mutanen da aka raina da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ba za su je gaban ɗan sanda su ambaci sunan ɗan cikinsu ba.

Ranar nan na yi wa matar ƙanina tas. Na faɗa mata maganganun da har yau nake neman gafarar Allah a kansu. Ta tsaya ba ta tanka ba, goyo a baya. Shekararta 23 a lokacin, ƴaƴa uku, miji rabonsa da gida ya kusa shekara biyu. Ita ce daka, ita ce neman ruwa in famfo ya ɗauke, ita ce wankin zannuwan fitsari da kashi sau uku a yini. Ba wanda ya taɓa nuna mata cewa mai doguwar kwanciya ana juya shi duk bayan awa biyu don kada fata ta mutu. Sai da na gaji don kaina ta ce, "Yaya, kuɗin da kuke cewa kuna turowa, ni jikka 5 nake gani." Ashe ɗan Yayanmu, saurayin da muka wakilta ya riƙa karɓo kuɗin saboda shi ke da katin ɗan ƙasa da babur, shi ke yanke rabonsa ya tafi fada a dafa shayi. Maganin hawan jinin ma an daɗe da daina saye. Inna ta sani sarai. Fiye da shekara ta sani ta yi shiru, don mai sunan mijinta ne, ko sunansa ba ta kira, "maigidana" take ce masa. Da kunnena na ji ta tana sa masa albarka bayan sallar asuba.

Ba wanke yarinyar nake ba. Hana majinyaci ruwa cikin zafin bazara zalunci ne ko wa ya yi. Amma mu biyar da muka jibga mata uwarmu muka koma nesa muna tura kuɗi, da wane baki za mu kai ta ƙara? Wannan ma dalili ne da ba a faɗi. Galibi wanda ya gano abin yana da nasa kason laifi, in ya tona, da shi za a tona. Sai a yi taron dangi, a yi kuka, a ce a bar maganar a cikin gida.

Na maza kuma daban ne. Akwai wani dattijo a layinmu, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda ɗansa ya karɓe katin banki da sunan Baba ba ya gani sosai. Fansho yana shiga, shi kuwa sai ya jira wani ya saya masa goro a ƙofar masallaci. Maigidana ya taɓa jan sa gefe ya yi masa maganar, ya ce, "Malam, a bakin mutane a ji ɗan da na haifa ya fi ƙarfina? Gara yunwa." Haka ake kama yatsan tsoho a dangwala a takarda, a wayi gari gona ko fili ya zama na wani. Haka gwauruwar da ke da tumuninta a gadon miji ake cewa ta bari a juya mata, ba ta ƙara ganin ko dala.

Wanda ya daure ya faɗa kuma, sai a ce gigin tsufa ne. Ciwon mantuwa gaskiya ne, tsohuwa takan ce an sace mata kuɗi sau goma alhali suna ƙulle a bakin zanenta. To ranar da aka sace da gaske, ko aka mare ta da gaske, wa zai yarda? In ba ta da ɗa ko jika a kusa, tana surutu ita kaɗai, tana fita tsakar dare, ba a rasa mai cewa mayya ce. Daga ranar yara sun samu abin jifa, manya sun samu hujjar ƙin shiga ɗakinta.

Ko an fita da maganar waje, ba ta shiga takarda da sunanta. Da na kai Inna asibiti, malamin jinya ya yanke mataccen naman, ya wanke, likita ya rubuta magani. A rajista gyambo aka rubuta da hawan jini. Ba wanda ya tambaye ni yadda aka yi mace mai ƴaƴa ta kai haka, ni ma ban so a tambaya ba. In an je wurin mai unguwa, aikinsa sulhu ne, doka ma haka ta ba sarakunan gargajiya, sai a yi nasiha, a ce kowa ya yi haƙuri, a shafa fatiha. Ƙasarmu Nijar ta yara ce, kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba, masu 60 zuwa sama ba su kai 5 cikin 100 ba. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 tun 2006 gwamnati ta ce a duba shi kyauta, yana da katin rigakafi, ana auna nauyinsa, ana auna damtsensa, in ya rame za a gani. Tsoho kuwa in ya shiga ɗaki ba mai bin sa da ma'auni.

Ƴata da ke karatun aikin jinya ce ta nuna mini alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2017 an tattara bincike 52 daga ƙasashe 28, aka samu kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama ya gamu da wani nau'in cin zarafi cikin shekara guda, kuma a gidaje da unguwanni, ba a gidajen ajiye tsofaffi ba. Duka, wanda shi kaɗai muke ɗauka cin zarafi, bai kai 3 cikin 100 ba. Abin da ya fi yawa cin mutunci ne da baki, tsawa da zagi da gori, kusan 12 cikin 100, sai cin dukiya kusan 7, sai sakaci wajen 4. Wani bincike kuma da aka fitar a 2011 a jihar New York ta Amurka ya nuna cikin kowane 24, guda ɗaya ne ke isa gaban hukuma. Can ke nan, inda akwai ofishi da lambar waya da ma'aikatan da aikinsu ke nan. Majalisar Ɗinkin Duniya har rana ta ware saboda wannan, 15 ga Yuni. Ki tsayar da mutum goma a kasuwar Katako ki ji ko akwai wanda ya taɓa jin labarinta.

Saura abin da ya fi yi mini nauyin faɗi. Na ɗauko Inna na kawo ta Yamai, ina cika baki cewa yanzu za a ga yadda ake riƙon uwa. Gyambon ya ɗauki wata 5 kafin ya rufe. Ga kuɗin famfas, ga bandeji, ga aji mai yara fiye da 70 yana jirana da safe. Wata rana wajen ƙarfe uku na dare, na canja mata shimfiɗa karo na uku, ko kwanciya ban yi ba ta sake kira. Na daka mata tsawa. Na ce, "Haba Inna, so kike ki kashe ni?" Kuma da na ɗaga ta, na san da ƙarfi na fizgo damtsenta. Ta dube ni ta ce, "Yi haƙuri, ɗiyata." Da gari ya waye ƙawayena suka zo dubiya, tana gaya musu ba ta taɓa ganin ɗiya mai haƙuri irina ba. Shatin yatsuna yana hannunta ƙarƙashin mayafi. Ni da na haddace ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko "uf". Ranar na kira matar ƙanina na nemi gafararta, na kuma kira ƙannena na ce dole mu raba kwana, kowace ta zo ta yi wata guda, mazan kuma su biya mai taya mu wanki.

Don haka ki sa baki, amma ki san ta ƙofar da za ki shiga. In kika shiga da faɗa za a rufe miki ƙofa, ita kuma ta ɗanɗana kuɗarta bayan fitarki. Ki shiga da kwano. Ki dama kunu ko ki kai ruwan sanyi, a lokacin da ba a tsammanin baƙo, kamar bayan azahar. Ki maimaita har a daina share wuri saboda ke. Kada ki tambaye ta ko ana cutar ta, amsar a shirye take. Ki tambayi ƙananan abubuwa: me kika ci da safe, yaushe rabonki da wanka, wa ke kai ki bayan gida da dare. Labarin zuciya a tambayi fuska, to ki dubi leɓe, ki dubi farce, ki ga ko ruwa na inda hannunta zai kai, ki ga ko ta waje ake sa kwaɗon, ki lura ko tana yin tsit in wani ya shigo. Mai kula da ita kuma ki ce mata, "Sannu da ƙoƙari, kawo in kama miki mu yi mata wanka." A wurin wankan nan za ki ga baya da ƙugu da damtse, kuma a nan mai jinyar za ta iya fashe miki da kuka ta faɗi abin da ke cin ta. Wani gidan mugunta ce zalla, wani gidan gajiya ce da rashin sani da babu, kuma ba za ki bambance ba daga bayan katanga.

Bayan nan ki nemi mai iko da maganar. Ɗiyarta mace in tana da ita, ko ƙaninta na ciki ɗaya, don kawu yana iya tsawata wa ƴaƴan ƴar'uwarsa ba a ce ya yi shisshigi ba. Ki faɗa musu abin da idonki ya gani kawai, ban da zargi, ki ce su zo ba tare da sun sanar ba. Gani ya kori ji. Liman ma yana da amfani in maigidanki zai same shi a keɓe. Ni dai ina fata limamanmu, in sun zo huɗubar biyayya ga iyaye, su riƙa sauka ƙasa su ambaci ruwan sha da wanka da juya majinyaci, su kuma taɓa mu masu turo kuɗi daga nesa.

Amma in kin ga duka, ko ɗauri, ko gyambo, ko kulle mutum a ɗaki da yunwa, lallashi ya ƙare. Asibiti farko, a karɓi takardar likita, a tafi da mai unguwa, in ta kama a je komisariya, wato ofishin ƴan sanda, a je. In maganar fili ce ko fansho, akwai hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, ANAJJ, da aka kafa don marasa ƙarfi. Sai dai kafin ki tayar da maganar ki san inda tsohuwar za ta kwana daren ranar, don in an gama hayaniya gidan wani ɗan'uwa ne dai za a nema. Kuma don Allah kada ki ɗauki hotonta ki watsa a Facebook ko WhatsApp. Asirin da ta jure ƙishirwa don ta rufe, kada ke ki yaye shi a gaban duniya.

Da muka koma Tahoua sadakar arba'in ta Inna, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, wadda muka tashi muna kiran ta Gwaggo, ta ja ni bayan rumbu tana kuka. Ta ce watanni ta yi tana jin kiran Inna da dare. Ta ce in ta ga matar gidan ta tafi rijiya takan lallaɓa ta ba ta ruwa ta taga, ta wanke moɗar ta ɓoye a zane don kada a gane. Na ce, "Gwaggo, me ya hana ki gaya mini?" Ta ce ta ji nauyi, kada a ce ta shiga tsakanin dangi. Lambata tana cikin wayarta duk tsawon watannin nan, ni da kaina na sa mata ita.